Babban Yatsan Mero Mai Lalle

Ka taɓa tsayawa ka kalli hannun mai lalle tana aiki? Ba zanen nake nufi ba, hannun kansa. Ni na tashi ina kallon na Yaya Mero, 'yar wan babana, amma sai ranar da muka je sayen allon zane na kwamfuta na gane ban taɓa ganinsa da kyau ba.

A Rafin Guza aka haifi Mero, a nan ta yi aure, a nan ta yi suna. Wajen gwaggonmu ta koyi lalle, tun ana yanka salatif da reza a manna wa mata a ƙafa. Da yayin baƙin lalle na zane ya shigo, ta naɗe leda ta yi mata tsini, shi ke nan hannunta ya samu abin da yake nema. Tana da zane guda da kowa ya san nata ne, reshen zogale: ganye ƙanana suna hawa daga idon sawu. Na taɓa ƙirga na ƙafa ɗaya, ganye tamanin da uku, babu biyu da suka yi kama sak. Amare daga Kawo har Mando layi suke bi a tsakar gidanta. Da lallen nan ta sa yara makaranta, ta taya mijinta Rabe kafinta rufa ɗakuna.

Sai sinadarin baƙin lallen ya juya mata baya. Yatsunta suka yi ƙuraje, suka tsattsage har da jini. Likita ya ce in tana son hannunta, kada ta ƙara kusantar kwaɓin lalle kowane iri. Ta daina. Tsakar gida ya yi tsit. Ana cikin haka Hajiya Safiya, wadda Mero ta yi wa lallen aure, ta aiko cewa za ta aurar da 'yarta Aziza, kuma reshen zogale take so a ƙafar yarinyar. Mero ta ce a ba ta haƙuri, ta shige ɗaki.

Ni kuwa ina da ɗan shagon buga kati a Hayin Banki, da na'urar yanka sitika. Masu lalle na sayen sitika, a manna a ƙafa, a shafa jan lalle a kai, a ɓare, zane ya fito. Sai dai duk na kasuwa zanen waje ne, iri ɗaya kamar an haɗa baki. Na ce, "Yaya, kwaɓi aka hana ki, ba zane ba. Ki zana, ni in yanka." Ta gwada da biro a takarda, na ɗauki hoto na ba na'ura. Ganyen suka fito kamar fara ta ci. Na'ura tana son layi mai tsabta, wanda aka ja kai tsaye a kwamfuta.

Haka na ja ta zuwa wani shago a titin Ahmadu Bello. Na riga na gama bincikena: allo mai inci goma, madannai takwas a gefe, alƙalami mai gane nauyin hannu har mataki dubu takwas da ɗoriya. Mai shagon, Malam Sharhabil, ya jona shi da kwamfuta ya miƙa mata alƙalami.

"Hajiya, a nan za ki zana, a can kan sikirin ɗin kwamfuta zai fito."

"Ikon Allah. In shuka a Kaduna ya tsiro a Zariya?"

Ta fara. Layi ya soma fitowa, sai ya ɓace. Ta sake, ya sake ɓacewa. Da ƙyar ta samu ganye guda, ta juya allon don ta yi na kusa da shi, sai layin ya miƙe gefe kamar akuya ta tsinke. Allo uku muka gwada, duk haka. Ta ajiye alƙalamin a hankali, ta gyara mayafi.

"Zahra'u, sarkin lissafi, tashi mu tafi. Hannun ne ya mutu, ba laifin kayan mutane ba ne."

Ni dai na sake duba kwalin, lambobina duk daidai suke. Sharhabil ne ya ce, "Don Allah Hajiya, kafin ki tafi, nuna min yadda kike yi in kina gaban amarya."

Ta harare shi. "Kai ne amaryar?"

"Ga ƙanwarki nan, a ara mana hannunta."

Ta zaro wata leda daga jaka ta naɗe, ta matsa man shafawata a ciki, ta kama hannuna. Mu biyu muka sunkuya muna kallo. Babban yatsanta ne ke aikin duka: in ya matse ledar layi ya yi kauri, in ya sassauta ya sirance. Wuyan hannunta kuwa bai motsa ba, nawa hannun take juyawa kamar ana gasa masara.

Sharhabil ya tafa hannu. "Wallahi na gano ɓarawon!" Ya ɗauko alƙalamin ya nuna mana wani ɗan madanni a jikinsa, daidai inda babban yatsanta ke sauka. "Wannan na gogewa ne. Duk sanda kika matsa don layi ya yi kauri, da kanki kike share aikinki. Allon nan kuma ba a juya shi, bai san kin juya ba."

Ya mayar da allona mai madannai takwas cikin kwali, ina ji ina gani. Ya ɗauko wani ƙarami wanda sikirin ɗin yana jikinsa, inda ka ɗora alƙalami nan zane zai fito, ka juya shi yadda ka ga dama. Ya kashe madannin alƙalamin, ya saita shi yadda ko ɗan taɓi kaɗan zai ji. Mero ta jujjuya alƙalamin ta ce ya cika siranta, kamar tsinken tsire. Ta nemi tsumma da salatif, ta naɗe shi har ya yi ciki irin na ledar lalle. Ta ɗora allon a cinya, ta yi bismillah.

Ganye na farko ya karkace. Na biyu ya zauna. Ashe duk sanda yatsan ya matsa, bakin alƙalamin yana ɗan nutsewa, layi ya yi kauri da kansa. Ta juya allon, ta ci gaba, ta manta da mu. Ina ƙirgawa a zuci har na kai arba'in, na ga ƙwalla ta ɗiga a gilashin, ta sa gefen mayafi ta goge ba ta ɗago ba.

"Hajiya, a hankali, ba a biya ba tukuna."

"Rufe mana baki, ɗan nan, kana tsorata min ganye."

Muka biya muka tafi da allon, ta yi ta maimaitawa a gida har hannu ya saba. Na yanka sitikar, wata mai lalle ta manna wa Aziza. Ranar kamu wata tsohuwa ta riƙe ƙafar amarya ta ƙura ido, ta ce, "Wannan ai hannun Mero ne. Ba an ce ta daina ba?" Hajiya Safiya ta rangaɗa guɗa ta nuna Mero, wadda ke zaune a gefe, yatsunta sun warke sumul. Yanzu masu lalle goma sha ɗaya ke karɓar sitikarta a shagona, har da mai zuwa daga Rigasa, kuma tsakar gidan Rafin Guza ya koma hayaniyarsa.

Saboda haka in za ka sayi allon zane, ɗauki abin da ka saba aiki da shi, ko biro ne ko alli ko ledar lalle, ka tafi da shi shagon. Yi aikinka a gaban mai kaya, ka kalli inda babban yatsanka ke sauka, sannan ka ce a miƙo maka alƙalami. Don Allah gwada haka kafin ka duba lambar da ke jikin kwali.