Shayin Zauren Baba Bayan An Hana Shi Sukari

Shekara biyu da yanke mana jiha daga Sakkwato, wani likita a Gusau ya duba jinin Baba ya ce ciwon suga ne, daga ranar shi da sukari sai kallo. Ni na raka shi, don lokacin na gama makarantar horon malamai, ina zaune gida a Bunguɗu ina jiran a tura ni aiki. Muka hau mota muka dawo gida. Sai da muka sauka ya dube ni ya ce, "To, shayin hwa?"

Ba ta cikinsa yake yi ba. Kullum da hantsi mutum uku ke zama da shi a zaurenmu: wani tela maƙwabcinmu, da wani tsohon direban babbar mota mai surutu kamar rediyo, da abokinsa na ƙuruciya, Bafulatani, wanda muke kira Baffa, yana tako keke tun daga rugarsu ta wajen Nahuce. Fulas guda ne, ja, ƙato, ni nake cika shi. Tun da ƙarfin noma ya ƙare wa Baba, wannan zaman shi ne abin da yake tashi dominsa.

Na ce ai da sauƙi, a yi fulas biyu, nasa daban nasu daban. Ya harare ni kamar na zage shi. "In sha daban baƙona ya sha daban, cikin zaurena? Ba a taɓa yi ba gidan ga." Shi ke nan, cutar mutum ɗaya ta hana mutum huɗu sukari.

Da a nan abin ya tsaya da an gode Allah. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kuma kun san mutanenmu, ba mai zuwa hannu rabbana, kowa likita ne. Gwaggo ta zo daga 'Yankuzo da sassaƙen maɗaci. Kawu ya zo daga Bilbis da ganyen shuwaka da wata saiwa da shi kansa bai san sunanta ba. Wata ta kawo tafarnuwa. Baba kuwa ba ya iya mayar da hannun kyauta baya. "Mutum ya ɗauko ƙafa tun daga ƙasar Tsafe, a ce ba a sha ba? Sa cikin fulas." Tarkacen ya riƙa toshe bakin fulas, sai tela ya yanki tsohon gidan sauro ya ɗinka mini 'yar jaka mai dogon zare, in cusa kayan a ciki in zura, in sun jiƙa in jawo. Bawan Allah, da hannunsa ya ɗinka wa kansa azaba.

Ranar farko direba ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce, "Alhaji, wannan ko a mota na zuba sai ta yi tari." Bayan kwana huɗu ɗinki ya yi wa tela yawa, ba sallah ba biki. Direba ya tuna yana da jikoki da ke buƙatar rakiya makaranta. Baffa kaɗai ya rage, ya sha ya ce madalla. Sai ran nan shi ma shiru, washegari shiru.

Wannan ne ya yi wa Baba ciwo. Kullum sai ya sa na wanke kofi huɗu na jera, ya zauna yana kallon ƙofa har rana ta take. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Na riƙa faɗa a tsakar gida, ashe abotar shekara hamsin cokali uku na sukari ce! Na ce a aika yaro Nahuce. Ya ce, "Wanda ya san hanya ba a aika mishi."

Ranar da na ƙule, na zazzage jakar nan gaban awaki. Suka sansana suka watse. Na shiga kasuwa na sayo ɗanyar citta da lemun tsami da na'a-na'a da karas, na roƙi ɓawon abarba wajen mai kayan marmari na bakin tasha. Inna ce mai ɗanɗana mini. Karas ya mayar da shayin kamar ruwan miya, Inna ta ce saura tuwo. Lemun tsami kuwa in ya daɗe da ɓawonsa a ruwan zafi ɗaci yake yi, na koma matse shi a kofi. A ƙarshe na tsaya kan citta dakakkiya, ɓawon abarba wankakke, na'a-na'a da kanumfari ƙwaya biyu. In na zura jakar sai in share tsakar gida, ina gamawa in jawo zaren.

Baba ya kurɓa, ya sake kurɓa. "Ina maɗacin gwaggonki?" Na ce yana ciki, ƙasa ya kwanta. Ya san ƙarya ce, ya miƙo kofi na ƙara masa.

Ƙamshi ne ya jawo tela ta kan katanga, shi kuma ya kai wa direba labari. Suka dawo ko kunya babu, direba har da cewa dama shi sukari na sa shi kasala. Zaure ya sake ɗaukar hayaniya. Amma kofi ɗaya a kife yake, Baba yana dariya idonsa na ƙofa.

Sai da aka yi sati uku wata mai tallan nono daga rugar su Baffa ta shigo gidanmu, Inna ta tambaye ta lafiyar Baffa. Ta ce, "Au, ba ku ji ba?" Ashe a hanyar zuwa gidanmu keken ya kayar da shi a wani kwazazzabo, ƙafa ta karye, an yi ɗori. Shi ya hana a faɗa, wai ba a ɗora wa marar lafiya wani nauyi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, duk maganganun da na yi suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya ɗauki hularsa ya ce, "Cika fulas." Muka hau mota zuwa Nahuce, sauran muka taka, ni da fulas a hannu, shi a gaba yana sauri kamar ba shi ba. Muka tarar da Baffa kwance a tabarma gindin bishiya, ƙafar ɗaure da karare. Baba ya fara faɗa tun kafin sallama ta ƙare, Baffa na murmushi yana cewa ai abin bai kai ba.

Na zuba wa Baffa. Ya kurɓa, ya tsaya, ya leƙa cikin kofin. Fuskarsa ta canza.

"An bar sa maganin naka?" ya tambayi Baba. Kafin Baba ya amsa ya juyo gare ni. "Ɗiyata, in don mu ne kunka cire, ki mayar. Mu muna iya sha."

Baba ya kau da kai yana tambayar yaran gidan shanu nawa suka haihu bana. Ni kuwa na karɓi kofin Baffa na sake cika masa.