Kaset ɗin da Malam Isiyaku Ya Bari

Ina tsakiyar darasi ranar Talata da hantsi, hedimasta ya leƙo ya yafito ni. Ya ce, "Malam Sani, sai haƙuri. Malam Isiyaku ya faɗi da babur a hanyar Kurfi, Allah ya yi masa rasuwa." Na ce, "Wane Isiyakun?" alhali shi kaɗai ne mai sunan a makarantar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara tara muna koyarwa tare a Dutsin-Ma, shi lissafi, ni Hausa, amma ban taɓa gane abin da yake yi a ɗakinsa ba. Da ya dawo kwas daga Zariya, ya zo da 'yar kwamfuta mai kama da tafireta, wadda ake jonawa da talabijin. Ya ciro maɓallan wata tsohuwar wayar tarho, ya kwance fedar tsohon keken ɗinkin matarsa, Malama Rabi, ya haɗa su da wayoyi. Ya yi ta rubuta lambobi har na'urar ta koyi abin da yake so. In ka danna ɗaya ta yi siririyar murya, in ka danna biyar ta yi kauri, in ka taka feda muryar ta lanƙwashe kamar an matse kalangu.

Na tambaye shi, "Malam, wai wannan kiɗa ne ko lissafi?"

Ya ce, "Kowane abin dannawa yana da murya, Malam Sani. Tambayarsa ce ba a yi ba."

Wasu sun kai ƙararsa wurin mahaifinsa, malamin allo a Tamawa, wai ya koma kiɗa. Malam Isiyaku bai yi musu da kowa ba. Amma da an fara kiran salla yakan zare wayar wuta, ya ce, "Ita ba ta san lokaci ba, ni na sani."

Bayan sadakar bakwai Malama Rabi ta miƙo mini kaset, da sunanta a jiki, rubutun hannunsa. Ta ce, "Malam, ya ce nawa ne, bai dai gama ba. A sa mini in ji."

Muka sa a rakoda. Babu kiɗa, sai wata tsuwa kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe.

Ta dube ni. "Ya lalace ne?"

Na nemo wanda zai duba mana. Abokin aikinmu Mista Bulus, malamin kimiyya, shi ya ce lambobin da Malam ya rubuta ne da kansu a ciki, kwamfutar ce za ta saurara, ba mu ba. Muka jona rakodar da kwamfutar, a gwaji na huɗu ta karɓa, maɓallan suka yi magana. Sai dai wanne ke bin wanne don kiɗan da ya shirya mata ya fito, babu wanda ya sani cikinmu. Malama Rabi ta ɗora ƙafa a kan fedar, ta taka sau ɗaya, ta janye.

Ta ce, "A bar shi haka."

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Malama Rabi haƙurin abin da ba ta samu ji ba. Amin.