Ƙunshin Kaka a Bakin Ƙofa

A ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad ba wanda ke biyan kuɗin ɗaki, amma kakata ba ta taɓa kiran nata da wani suna ba sai ɗakin haya. Haya a bakinta na nufin inda ba a kwance kaya. Da ƙafa ta baro ƙasar Sakkwato tana amarya, za ta Makka. Guzuri ya ƙare a Jazira, yankin da ƙauyenmu yake, aka tsaya tsinkar auduga wai na shekara guda. A shekara gudan nan aka haifi babana, a cikinta ni ma aka haife ni.

Ƙunshinta na tafiya yana rataye a bakin ƙofa. Da la'asar, in rana ta yi ja a kan ruwan gonaki, sai ta fuskanci gabas ta riƙa kwatanta mini jirgin ruwan da ba ta taɓa gani ba, har launin igiyoyinsa. Ina son tafiyar nan, sau da yawa mukan isa Jidda kaina yana bisa cinyarta.

Mahaifiyata ta so dasa itace a tsakar gida saboda rana. Kaka ta hana. "Mi za ki dasa gidan haya, mu da munka kusa tahiya?" Ta san in itace ya kama, to an zauna ke nan, Makka ta kuɓuce.

Shekarar da ƙafafunta suka kumbura muka kai ta asibiti a Wad Madani, muka kama ɗakin haya na gaske, bango huɗu da ƙusa ɗaya, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce sannu. Likita ya ce tafiya mai nisa ta ƙare mata. Kwana tara tana kallon ƙusar nan. Ran na goma ta ce da babana, "Kai ni gida."

"Inna, Sakkwato?"

"Wace Sakkwato? Gidanmu, wurin auduga."

Da muka koma ta sa na sauko da ƙunshin. Na kwance shi, ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar. Farin zane ne, da 'ya'yan tsamiya a ƙullin tsumma, waɗanda uwarta ta ce ta shuka duk inda ta zauna. Ta miƙa wa mahaifiyata.

"Shuka, ɗiyata, ki ba su ruwa."

Farin zanen kuwa ta ce a wanke, a ajiye shi kusa.