Hoton da Na Je Ɗauka a Janbako

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Talata Mafara, ni da taubashina a kan babur ɗinsa. Kyamarata tana cikin tawul, tawul yana cikin leda, ledar kuma tana cikin buhun da na rungume a ƙirji. Ba mu fita unguwa ba na sa ya tsaya in duba ko na saka batir. Na saka. A bakin tasha na sake dubawa.

"Alhaji, in ka ƙara tsai da ni, kai ka tuƙa, ni in riƙe jinjirin," in ji shi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, direba ne ni a wani gida a Jidda, hutu na zo. Kaɗaicin ranar Juma'a ne ya sa na sayi tsohuwar kyamara a kasuwar gwanjo ta can. Sai da na tambayi malamai biyu hukuncin hoto kafin na taɓa ta, kuma har yau ban taɓa ɗaukar mutum ba tare da izininsa ba. Shi ya sa yawancin hotunana tattabaru ne, da kwale-kwale, da kyanwoyin bakin teku.

Abin da ya fito da ni kuwa amana ce. Abokin ɗakina mutumin Janbako ne, takardun zamansa sun lalace, ya yi shekaru bai zo gida ba. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurin iyayenmu na karkara. Ba ta faɗin sunansa. In ya kira waya sai ta miƙa wa ƙanwarsa. In aka ɗaga waya za a ɗauke ta hoto domin shi, sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Ranar da zan taho ya raka ni har mota, ya ce mini ya fara manta yadda fuskarta take. Hoto ɗaya ya roƙa. Tun daga ranar barcina ya ragu.

Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo, shinkafa ta yi kore shar a fadamu. Kwalta ta yi mana adalci har Bakura, in ka cire ramukan da taubashina ya san su kamar 'ya'yansa. A can muka karya da koko da hoce, wato gurasar dawa ta mutanenmu, aka barbaɗa mata ƙuli. Na yi kewarta ƙwarai, ga shi ta ƙanƙance, kuɗinta kuma ya girma. Na tambayi mai koko lafiyar hanya, na tambayi mai faci, na tambayi wani dattijo mai jaki. Duk suka ce lafiya lau tun kwanakin baya, amma mu dawo da rana tsaka. Taubashina ya ce saura jakin ban tambaya ba.

Daga nan hanya ta zama ta ƙasa, taɓo da kwazazzabai. Wani wurin sai na sauka na bi da ƙafa, buhu a ka. A wani shinge 'yan sa-kai suka tsai da mu, babbansu ya ce in kwance buhun. A wannan zamani baƙo mai ɗaukar hoton gari abin tuhuma ne, kuma ban ga laifinsu ba. Na kunna, na nuna masa abin da ke ciki, na ce a Jidda na ɗauko su. Ya daɗe yana kallon kyanwoyi, sannan ya dube ni.

"Ƙasa mai tsarki kat tahi, wanga kas samo?"

Suka yi ta dariya, suka ɗage mana itace, har da addu'ar Allah ya tsare.

Mun shiga Janbako da hantsi. Ƙanwar abokina ta yi mana iso, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, aka kawo fura mai sanyi. Sai ga Inna ta fito, 'yar siririya, hannunta duk dusa. Wallahi idanun abokina ne sak. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo: gajiya, ruwa, gona, iyali, mutanen Mafara, har shanun da ba ni da su. Ta tambayi kowa ban da ɗanta. Da na ce yana gaishe ta, sai ta dubi kaji ta ce, "Madalla."

Na yi ta juya maganar a baki kafin na fito da ita. Na ce Inna, ya roƙi in kai masa hotonki.

"Shi wancan bai da aikin yi na? Mi za a yi da hoton tsohuwa?"

Ta tashi ta koma wurin turminta. Taubashina ya matso kunnena ya ce ga ta can a fili, haske ya yi kyau, in danna kawai, wa zai sani? Gaskiya hannuna ya kai kan tawul. Na tuna fuskar abokina a bakin mota. Amma na kasa. Matar da ta ba ni furarta, in sace mata fuska? Na zauna ina tsara yadda zan gaya masa na zo har gida na koma hannu wofi.

Mun fara sallama ke nan sai ta ce in dakata. Ta nuna wata farar tunkiya a turke.

"Wagga jikanyar tunkiyad da yab bari ta. Ita za ka ɗauka, shi gani ba a bar mai dabba da yunwa ba."

Na ce to, da babu gara ba daɗi. Na durƙusa ina gyara kyamara, ita kuma ta shige ɗaki. Shiru, shiru. Can ta fito da sabuwar atamfa mai karin guga, da kwalli a ido, da farin mayafi. Ta kwance tunkiyar ta riƙe igiya, ta ce dabbar ba ta tsayawa sai a hannunta. Ƙanwar abokina ta toshe baki da gefen zane.

A nan ne halina ya kusa ɓata komai. Zuciyata ta ce izinin tunkiya aka ba ka, ba na mutum ba. Na sauke kyamara na ce, "Inna, ke ma fa za ki fito a ciki."

Taubashina ya taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwa.

"Ɗan nan, ina ruwana da abin da ƙarhenka ka gani? Ni tunkiya nic ce."

Ta gyara mayafi, ta miƙe tsaye sosai, ta dubi gilashin kai tsaye. Na danna. Tunkiyar ma rabinta ne ya fito.

Mun kamo hanya rana tana tsaka kamar yadda aka gargaɗe mu, muka iso Mafara kafin la'asar, ƙafafuna duk taɓo. Ban ko wanke su ba na tura wa abokina hoton. Na ga ya buɗe, na yi ta duba waya. Na shiga damuwa, ko bai fito da kyau ba, ko na yi laifi. Sai bayan magariba saƙon murya ya shigo. Ya yi gyaran murya ya ce, "Tunkiyar ta yi ƙiba, ma sha Allah." Daga nan sai numfashi kawai nake ji, har saƙon ya ƙare.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, mutanenmu ba su rasa ƙauna ba, ba su dai son a kama su da ita a fili. In ka yi haƙuri ba ka yi sata ba, su da kansu za su nuna maka ƙofar da za ka bi. Na amsa wa abokina da cewa ƙwarai, tana samun kulawa.