Na Goge Takardun Gonakin Mutane, Na Ɗora wa Wata Laifin

A lokacin da abin nan ya faru ina matashi, ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, na samu aiki a wani ƙaramin ofishin awon filaye a Kazaure. Ni ke kula da sabar, wato kwamfutar da ma'aikatanmu na Roni, Gwiwa da Ɓaɓura ke tura hotunan takardun gonaki cikinta. Ba ta da abin dannawa, baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta umarni ta aikata. Duk ofishin ni kaɗai na iya, kuma abin ya shiga kaina. In maigidanmu ya tambaya ko ana ajiye kwafi a wani wuri, sai in ce ya kwantar da hankalinsa. Na dai saita ta ta riƙa kwafa da kanta duk mako, amma ban taɓa komawa na duba ba.

Wata Laraba da hantsi ma'aikaciyarmu ta Roni, wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku, ta kira ta ce fayil ya ƙi shiga. Na duba na ga sabar ta cika. Na yi niyyar goge tarkace, waya a kunne, ina rubutu da hannu ɗaya, ban duba a wace folda, wato ma'ajiyar fayiloli, nake ba. Na buga umarnin. Sabar kuwa ba ta tambayar ko ka tabbata. Da na nemi jerin fayilolin Roni, allo ya dawo wayam. Na ruga wurin kwafi, na tarar ya daina aiki tun watannin baya. Na shiga inda sabar ke rubuta wanda ya yi kowane aiki, na share sawuna.

Da maigida ya tara mu, na ce daga wurin ma'aikaciyar Roni aka goge. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe, ta ce ita turawa kawai aka koya mata, ko hanyar gogewa ba ta sani ba. Ta juyo ta roƙe ni don Allah in sake dubawa. Na zauna na yi ta rubuce-rubuce a allon da ba wanda ya iya karantawa, na ɗago na ce haka ne. Aka sallame ta.

Da damina ta yi nisa, wani dattijo ya zo kan acaɓa daga wani ƙauyen Roni. Ruwa ya rushe masa ɗaki, takardar gonarsa ta lalace, ga wani danginsa ya taso yana cewa gonar tasu ce. Ya ce yarinyar nan, ma'aikaciyarmu ta Roni, ta tabbatar masa an ajiye takardar inda ruwa ba ya kaiwa. Na ce Baba ya yi haƙuri, babu ita. Ya yi mini godiya, har da sa albarka. Daga baya na ji rabin gonar ya fita hannunsa.

Na fi shekara ina ɗauke da abin kafin na faɗa wa maigida gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce in rubuta masa kalmar sirri in tafi. Na je Roni neman gafarar matar da aka sallama. Mijinta ya tare ni a zaure, ya shiga, ya fito ya ce ta ji, amma ba ta shirya ganina ba. Har yau ba ta aiko ba.

Masu irin aikina, ku duba inda kuke kafin ku buga umarnin gogewa, ku riƙa buɗe kwafinku kuna gani da idonku. In kuma kuskure ya auku, ku faɗa a ranar. Gogewar ganganci ce, da na faɗi gaskiya da wataƙila an bi gida-gida an sake ɗaukar takardun tun kafin ruwa ya sauka. Ƙaryar kuwa ina cikin hankalina na yi ta, saboda na san ba wanda zai iya kama ni.