Habu, Wazirin Ƙasar da Ba Ta Daɗe Ba

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Habu, ɗan baffana, kuma har yau in an ambace shi a Cadawa sai an ce Waziri. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a lakol, makarantar boko, Mushen ma da ake kirana da shi, wato Malam a bakin ƴan lakol, ya fara ɓacewa daga bakin mutane.

Tare muka tashi, tare aka kai mu lakol a Maraɗi. Na fi shi Faransanci nesa ba kusa ba, shi ma ya sani. Da Nasara suka fara ɗaure kayansu, sarakunan yankinmu, daga Gazawa har yamma wajen Gidan Runji, suka ga in ba su haɗa kai ba ƴan siyasar Yamai za su haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Sai suka sa ƙasashensu ƙarƙashin majalisa guda, da doka guda a kan kasuwa da burtali. Aka ce ana neman wanda zai zama bakin majalisar. Na sa aka wanke mini babbar riga ina jira. Aka ɗauki Habu, aka shiga kiransa Waziri.

Uwarsa Bagobira ce, ubansa Bakatsine. In ya je yamma ya karya harshe, su ce ɗansu ne, in ya dawo gabas ma haka. Ni kuwa aka ce mini Faransanci ba ya raba makiyayi da manomi.

Ranar taron Cadawa na gan shi ya sauko daga motar sarki, ni ina cikin ƴan kallo riƙe da kekena. Sarakuna biyu suka ƙi zama, kowa yana jiran a nuna masa tsakiyar shimfiɗa. Habu ya durƙusa ya ce rana ta kama wurin, ya sa aka kewaye tsamiya da tabarmi. Tsakiya ta ɓace, kowa ya zauna. Gari ya ɗauka da yabonsa. Ni ranar tuwo bai shige ni ba.

Amma ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle da yawa. Rigimar inda majalisa za ta zauna ba ta ƙare ba har aka samu mulkin kai, gwamnati ta aiko da kwamandan, ta yanka ƙasar yadda ta ga dama. Majalisa ta watse. Na iske Habu a gona yana noman wake.

"Yaya Sani, ka zo ganin yadda Waziri ya koma?" ya ce yana dariya. "Rigar aro ce, mai ita ya karɓa."

Na ɗauka lokacina ya zo. Aka ba ni shugabancin lakol, da buro, wato ofis, da kujera. Duk da haka in shanu suka shiga gona, ta ƙofar gidana masu rigima suke wucewa su nufi nasa.

Yau kabu-kabu ya matso da garuruwan nan kusa da juna, amma ɓarnar gona kaɗan sai a garzaya wurin jandarma. Da Habu yana nan, na san zai tambaya ko an zaunar da mutanen biyu an ba su ruwa tukuna. Jikokin sarakunan nan kuwa da yawa ba su ma san kakanninsu sun taɓa haɗa ƙasa ba.

Ƙasar ba ta bar tuta ba, ba ta bar gini ba. Ta bar burtalin da Habu ya shata, wanda garke ke bi har gobe ba a daki kowa ba. Ta bar sunansa kuma. Da ɗana na fari ya samu ɗa namiji, na zauna ina jiran a ce an yi mini takwara. Ya sunkuya gabana ya ce, "Baba, sunan Baffa Habu nake so." Ni aka miƙa wa jaririn, ni na raɗa masa sunan a kunne. Allah ya jiƙan Habu, ko a kabari bai daina shan gabana ba.