Damin Geron da Yaya Bala Bai Taɓa Ci Ba

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, Malam Bala, Allah ya jiƙansa da rahama. Ban yi niyyar rubuta komai ba, don ni tsohuwar malamar firamare ce, alli na sani ba jarida ba. Sai kwanan baya na kunna rediyo na tarar da lauyoyi biyu suna tayar da jijiyar wuya. Wai idan hukuma ta kafa ƙa'idar yadda za a sayar da kayan kamfanin da ya karye, shin ƙaramar kotun musamman da ke jin ƙorafi tana da ikon soke ƙa'idar, ko sai an dangana da babbar kotu? Ɗaya ya ce tana da shi, ɗayan ya ce ina! Aka tashi shirin suna dariya. Ni kuwa na kashe rediyon, domin wannan tambayar ce ta hana yayana cin geron danginmu har ya bar duniya.

Yaran yanzu ba za su gane zamanin da kuɗin man fetur ya fara shigowa ba. A Wudil kowa ya zama ɗan kwangila, wanda jiya yake kan jaki yau sai ka gan shi kan babur yana kaɗa maka ƙaho. Manoman ƙauyukanmu suna da ƙungiyar gama kai mai turke babba a bakin kogi. Idan rani ya tsananta, kowa kan kai shanun huɗarsa can a ba su harawa da dusa, a yi musu allura, ruwa na sauka ya zo ya kwance abinsa. Kawu Ilu, ƙanen Innarmu da ke noma a Ɗankaza, bijimai biyu gare shi a wurin, Jatau da Ɗan Baƙi. Su ne ƙarfin gonarsa kaf.

To, zazzaɓin zamanin ya kama shugabannin ƙungiyar. Suka ciwo bashi suka sayi manyan motoci, wai za su shiga dakon siminti. Ba a je ko'ina ba abin ya rushe, aka zo aka sa wa harabar kwaɗo. Hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ƙungiyoyi kuma tana da wata ƙa'ida da ta tsara a ofis: duk abin da aka samu cikin harabar ƙungiyar da ta karye a ranar rufewa, nata ne, a yi gwanjonsa a sallami masu bin ta. Wanda ya rubuta hakan tebura da injuna yake hange. Bai san akwai garin da mutum zai kai shanunsa ajiya ya tafi ba tare da ya karɓi ko guntuwar takarda ba.

Manoman Ɗankaza da Utai da Achika suka kai kuka kotun musamman, mai mazauna uku. Shugabanta Yaya Bala ne, wanda ya daɗe a aikin shari'a. Ya nemi a sauya shi tunda da kawunsa a ciki, aka ce masa a duk Wudil wa za a samo wanda ba shi da kawu a ƙauye? Haka ya zauna. Ba wanda ya yi musun cewa shanun na manoman ne, har lauyan hukumar bai musa ba. Abokan zamansa biyu suka rabu, ɗaya ya ce a soke ƙa'idar, ɗaya ya ce babu hali. Magana ta rage a bakinsa.

Ya ce ƙa'idar ta wuce gona da iri, domin dokar da ta kafa hukumar dukiyar ƙungiya kaɗai ta ce a sayar, ba amanar mutane ba. Amma, in ji shi, wannan dokar ita ta kafa kotunsu, kuma aikin da ta ba su shi ne duba ko an bi ƙa'ida, ba soke ta ba, ba kuma tsayar da gwanjo ba. Mai wannan iko babbar kotu ce a Kano. Ya roƙi hukumar ta dakata har a je can. Ba ta dakata ba. Juma'ar da ta biyo, ranar kasuwa, aka kora shanun kara aka yi gwanjonsu, Kawu yana tsaye yana kallo aka loda Jatau da Ɗan Baƙi a motar kudu.

Da la'asar ɗin ranar na tare shi a soro, raina a ɓace. Na ce, “Haba Yaya! Da bakinka ka ce zalunci ne, sannan ka naɗe hannu? Wa zai kama ka in ka soke?”

Ya ce, “Binta, in na ɗauki ikon da ba a ba ni ba don na tausaya wa Kawu, gobe wani zai hau kujerar nan ya ɗauka don ya tsani wani.”

Na ce masa ya je ya faɗa wa gonar Kawu haka, ko za ta huɗe kanta. Inna, da ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, daga ɗaki ta ce, “Ki ƙyale yaron nan, abin da ke cinsa ya ishe shi.”

Babbar kotu ta soke ƙa'idar daga baya, da hujjar da shi ya faɗa tun farko. Amma damina ta riga ta wuce, ta biyu ma ta wuce, naman shanun an daɗe da cinye shi. Ɗan abin da aka mayar wa manoman, a tsadar wancan lokaci, ko maraƙi ba ya saya. Kawu ya koma garmar hannu da tsufansa, rabin gonar ya koma saura. Yaya ya sayi bijimai biyu ya aika masa. Kawu ya sa aka dawo da su, da saƙon cewa ya gode, amma ba shi kaɗai aka kwashe wa ba, kuma ba zai yi huɗa da shanu maƙwabtansa na duƙe suna kallonsa ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne Kawu bai yi fushi ba. Al'adarsa ce duk kaka ya kawo wa 'yar'uwarsa damin gero na farko, kuma bai fasa ba ko sau ɗaya. Sai dai damin ya ƙanƙance, shi kuma bayansa ya ranƙwafa. Zai zo ya zauna su gaisa da Yaya doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya sa albarka ya tafi. Wallahi da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Yaya ba ya iya kallon damin. Ranar da aka kawo, ranar yake sa a rabar wa maƙwabta, ya ce maƙogwaronsa ba zai wuce da shi ba. Bayan Inna da Kawu sun rasu, 'ya'yan Kawu suka ci gaba da kawowa, shi kuma ya ci gaba da rabarwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da hukumomi suka yi yawa, kowace da ƙa'idojinta da kotunta. Na tabbata ba zai sauya ra'ayi ba, taurin kansa na gidanmu ne. Amma na san abin da ya riƙa maimaitawa da ya tsufa: in ba za a ba ƙaramar kotu ikon sokewa ba, to a ba ta ikon cewa a dakata, domin shari'a tana iya jira amma shuka ba ta jira. Ni har yau ban gama yarda da shi ba. Na dai daina ganin tsoro ne ya sa ya yi abin da ya yi, kuma na yi baƙin cikin cewa ba mu taɓa zama mun ƙarasa maganar soron nan ba.

Ciwon ajalinsa da damina ya kama shi, gero ya fara fitar da kai. Wata safiya ya ce da ni, “Binta, akwai sauran geron Ɗankaza? Kununsa nake so.” Na duba rumbu, na duba buhuna, ko tsaba babu, ai shi ya hana a ajiye. Na aika ƙauye, su ma nasu ya ƙare, na kasuwa suke ci suna jiran sabo. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce to, a jira kaka.

Bai kai ba. Abin da ya bari ba shi da yawa: suna mai tsabta, da 'ya'yan da ba sa taɓa abin da ba nasu ba, da zumuncin da Kawu ya ƙi bari ya tsinke. Ana gab da sadakar arba'in sai ga babban ɗan Kawu da dami a bayan keke, na fari a gonar, kamar kullum. Da shi muka daka gumbar sadakar. Duk unguwa an ci, ban da wanda ya nema.